Gudun Kabo da Taswirar Kukar Shatu

Duk wanda ya taɓa kwana a Kukar Shatu, ɗan ƙauyen nan da ke bayan Sandamu, ya san marigayi Kabo mai cajin waya, Allah ya jiƙansa. In ma bai gan shi ba to ya ji muryarsa, don tun daga bakin rijiya ake jiyo ta. Shagonsa bai fi akurkin kaji ba, faifan sola ɗaya ne a kan rufin, amma in Kabo na ba da labarinsa sai ka rantse shi ke ba Daura wuta. Babu abin da bai sani ba. In jirgi ya wuce ta sama, zai gaya maka inda za shi da abin da matuƙin ya karya kumallo da shi.

Majalisar garin a gindin kuka take, wajen teburin Maliki mai shayi. Maliki taubashin Kabo ne, kuma Allah bai halicci mai ƙure shi kamarsa ba.

Abin ya faro ne daga motar asibitin tafi-da-gidanka, mai zagaya ƙauyuka tana duba masu ciki da yara da tsofaffi. A yi shara, a shimfiɗa tabarmi, a zauna jira, sai a ji wai ta sauka a ƙauyen gaba. Da abin ya maimaitu aka bincika, sai aka ce direban taswirar cikin waya yake bi, taswirar nan ta kowa da kowa da 'yan sa-kai ke zanawa kyauta. Ita kuwa ba ta san da Kukar Shatu ba. Inda garin yake fili ne fetal.

Mai Gari Dabo da kansa ya tako majalisa. Dattijo ne mai kunya, wanda tun da aka naɗa shi babu mahaluƙin da ya taɓa ganin kansa ba hula.

Ya ce, "Wato mu babu mu ke nan?"

Kabo ya dire kofi. "Ranka ya daɗe, ai da an tambaye ni. Taswira? Ni da nake zana ta tun ina aji uku!"

Maliki ya ce, "Aji ukun da ka zauna har malamin ya yi ritaya?"

"Kai dai ji da tukunyarka." Kabo ya miƙe, ya gyara wuyan riga. "Jama'a, ku shaida. In motar nan ta sake fitowa zagaye ba ta ga Kukar Shatu a wayarta ba, na daina magana a majalisar nan har shekara ta zagayo. Ko sallama, sai dai in ɗaga hannu."

Maliki ya ɗaga hannuwa sama. "Ya Allah, ashe kana jin kukan bayinka."

Mai Gari ya ce, "An shaida."

Washegari Kabo ya sa babbar riga ya hau acaɓa sai Daura, inda wata ma'aikaciyar lafiya, Malama Haulatu, ke koya wa 'yan sa-kai aikin. Ya iso a makare, amma bencin gaba ya nufa. Malama na nuna yadda ake buɗe hoton da tauraron ɗan'adam ya ɗauka daga sama, a bi shi da yatsa a zana gida, a zana hanya, a zana rijiya.

Ta ce, "Amma ku buɗe kunne a nan. Kowane hoto da mai shi. Akwai waɗanda suka ba mu izini mu kwafa daga nasu, su ne a cikin manhajar da na sa muku. Shi kuwa hoton babban kamfanin nan da ke zuwa a cikin wayoyinku, kallo kawai aka yarda ku yi. Wanda ya kwafo daga ciki ya zuba mana, ya jawo wa taswirar gaba ɗaya ƙara a kotu, dole mu goge."

A daidai lokacin Kabo na gaya wa na kusa da shi yadda ya taɓa ganin tauraron da idonsa yana shan mai a sama.

Malama ta ci gaba, "Wanda kuma hoto bai yi masa ba, ga wannan koren maɓalli. Ka danna, ka sa waya a aljihu, ka bi gari lungu-lungu da ƙafa. Duk inda ka taka za ta zana."

Wannan kam Kabo ya ji. Ya yi dariya har da buga cinya. "Malama, tafiyar ƙasa ai aikin jakuna ne. Ni ta sama nake aiki."

Ya dawo gida ya buɗe hoton da aka ba da izini, ya ja, ya ja, har ya iso Kukar Shatu. Sai ga wani ɗan farin gajimare, kamar an ajiye auduga, ya zauna daram a kan garin. Gonakin gabas ana gani, gonakin yamma ana gani, garin ne kaɗai babu.

Maliki ya leƙo ta bayan kafaɗarsa. "Ashe tauraron ma ya san ka. Ga shi ya rufe fuska."

Kabo ya buɗe hoton kamfani. Tar! Har rumbun Gwaggo Kulu, tsohuwar nan mai daddawa, ana gani da inuwarsa. Ya duba can, ya zana nan, ya duba can, ya zana nan, har ya kammala garin. Da manhajar ta tambayi inda ya samo hoton, sai zuciya ta ɗebe shi. Ya rubuta sunan kamfanin da manyan baƙaƙe, ya ƙara da cewa, "Ba irin hoton talakawa ba."

Ya aika aka tara gari a gindin kuka. Waya na yawo hannu zuwa hannu.

"Kai, ga gidana!"

"Ga masallaci! Har da ƙofar liman!"

Kabo na tsaye, hannuwa a baya, yana amsa gaisuwa kamar wanda ya dawo daga Makka. Ana cikin haka waya ta yi ƙara. Ya duba, ya washe baki. "Ku yi shiru, Daura ce. Barka za su yi mini." Ya danna amsa-kuwwa don kowa ya ji.

Muryar Malama Haulatu ta fito ras. "Malam Kabo, wa ya ce ka kwafa daga hoton kamfani?"

"A'a, Malama, wa ya gaya miki?"

"Kai ka rubuta. Da manyan baƙaƙe."

Maliki ya kifa kai a kan tebur, kafaɗunsa na rawa.

Kabo ya ɗaga murya. "To tsaya, Malama. Sama ta Allah ce. Gida nawa ne, rufi nawa ne, ni na sayi kwanon. Sun ɗauke ni hoto ba su yi mini sallama ba, yanzu kuma ni zan nemi izininsu?"

"Gidan naka ne, hoton nasu ne. Mu taswirarmu kyauta muke ba kowa, ba za mu raba abin da ba a ba mu ba. Ka kawo hoton da mai shi ya yarda, ko ka taka da ƙafarka. Wannan dai yanzu zan goge."

Mai Gari ya karɓi wayar ya duba. A gaban idonsa masallaci ya ɓace. Rijiya ta bi shi. Gidaje suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Gwaggo Kulu ta dafe ƙirji. "Wayyo! Kabo, ina ka kai mini rumbu?"

"Gwaggo, rumbunki na nan a gida."

"Ƙarya kake, yanzu na gan shi ya tafi!" Ta kwasa da sauri ta je dubawa.

Maliki ya ɗago yana share hawaye. "Taubashi, ka fara rage magana tun yanzu, don ka saba."

Kabo ya kwana yana juyi, ya tashi da dabara. Tunda hoto sai da mai shi, to shi ma zai zama mai hoto. Zai hau kuka ya ɗauki nasa.

To, a Kukar Shatu ba a hawa sama haka kawai. Makewayin garin duk katanga ce babu rufi, tsakar gida kuwa ta mata ce. Saboda haka duk wanda zai hau soro ko bishiya, magini ne ko mai kaɗo 'ya'yan kuka, sai ya tsaya ya yi shela tukuna, a ba mutane lokaci su kimtsa. Ko Mai Gari bai isa ya tsallake wannan ba.

Kabo ya tsaya ya buɗe maƙogwaro. "Za a hau sama! Masu gida a kimtsa!"

Mata suka ja mayafi, masu wanka suka gaggauta. Kabo ya bi turakun da aka kakkafa a jikin kukar, yana hawa yana bayani, har ya kai reshen da ya fi tsawo. Ya ɗaga waya. Abin da bai lura da shi ba, amyar zuma ce rataye daidai ƙeyarsa. Ƙudan farko ya sauka a kunne, na biyu a leɓe. Saukowar da ya yi ba ta buƙaci turaku sosai ba. Da aka duba wayar, hoto ɗaya ne a ciki: tafin ƙafarsa, da wata kaza tana kallon sama.

Maliki ya ce, "Wannan kam naka ne, ba mai kai ka ƙara."

Leɓen Kabo ya kumbura har ya kasa ramawa. Mutanen majalisa suka ce ranar sun ɗanɗani abin da ke tafe, kuma da daɗi.

Kumburi bai gama sacewa ba labari ya zo: ranar Asabar motar za ta fito zagaye. Sai Kabo ya tuna da Hafizu, mijin ƙanwarsa, mai ɗaukar hoton biki a Daura. Hafizu na da ɗan jirgin nan mai farfela huɗu da ke shawagi a kan amarya da ango. Manhajar jirgin ma tana cikin wayar Kabo, tun wani biki da wayar Hafizu ta mutu ya ari tasa. Ranar Alhamis, da ya tabbatar Hafizu ya tafi Mashi wajen suna, Kabo ya je ya ce wa ƙanwarsa ai sun yi magana, ya ɗauko jirgin a jaka. Daga hanya ya kira Malama Haulatu ya gayyace ta ta zo bayan sallar Juma'a ta ga aikin manya.

Ranar Juma'a da hantsi ya ajiye jirgin a gaban teburin shayi, ya maƙala waya a jikin abin tuƙin. Jama'a suka kewaye shi.

Maliki ya ce, "Ka yi shela?"

"Shelar me? Ni zan hau?"

"Idonka zai hau."

"Al'ada ta ce wanda zai hau sama. Ga ƙafafuna a ƙasa. Ka taɓa jin an yi wa shirwa shela?"

"Shirwa ba ta tara mutane su kalli abin da ta gani. Kuma ka san yau wace rana ce? Rabin garin nan na makewayi suna wankan Juma'a."

Kabo ya riga ya tura 'yar sandar da ke jikin abin tuƙin. Jirgi ya yi ƙugi, ya watsa wa Maliki ƙasa a cikin madara, ya yi sama. Kawuna suka haɗu a kan wayar. Ga rufin masallaci. Ga garken awaki. Kabo ya fara bayani da muryar mai karanta labarai.

"Wannan da kuke gani ita ce unguwar gabas. Wannan kuma gidan Mai Gari ne. Bari in sauko da shi ku ga aiki." Jirgi ya yi ƙasa. "Kun ga wannan abu mai sheƙi a kusurwa? Sabuwar ƙwarya ce aka kife."

Wani ya ce, "Ƙwaryar na motsi."

"Iska ce."

"Ƙwaryar na da kunnuwa."

Sai ƙwaryar ta ɗago ta dubi sama. Ga gemu, ga kumfar sabulu, ga idanu biyu da kowa ya sani. Mai Gari Dabo ne tsugune a gaban bokiti, kansa tal kamar an goge shi da man gyaɗa.

Majalisa ta ɗauki salati. Wasu suka rufe ido, wasu suka rufe ido ɗaya. Daga can cikin gari aka jiyo wata irin tsawa da ba a taɓa sanin Mai Gari na da ita ba. A waya kuwa aka ga ya ɗaga bokiti ya watso ruwan wanka sama.

Jirgi ya ruɗe, Kabo ya fi shi ruɗewa. Ya tura hagu, jirgi ya yi dama. Ya bi ta kan gidaje ƙasa-ƙasa yana ƙugi, duk inda ya gifta sai ihu ya tashi, ana jifarsa da soso da buta da murfin kwano. Kabo ya shiga danna duk abin da yatsansa ya samu, ja da kore da shuɗi. Jirgi ya yi wata katantanwa a kan gidan Gwaggo Kulu, ya faɗa tsundum cikin tukunyar daddawa.

Muryar Mai Gari ta sake tashi. "A kamo mini shi!"

Kabo ya fizge wayar, ya cusa a aljihu, ya tattare riga.

Ya shiga lungun mahauta, ya ci karo da mutum ɗaure da tawul, kumfa har ido. Ya juyo ya bi bayan masallaci, sai ga ladan da buta. Ya karya kwana ya bi hanyar rijiya, ya tarar da masu ɗiban ruwa sun tare ta da jarkoki. Ya faɗa wani lungu, ashe ba ya ɓullewa, ya dawo. Ya faɗa wani, shi ma haka. Gwaggo Kulu ta fito da taɓarya, daddawa har goshi, tana kiran sunan kakansa. Ya tsallake kwata, ya ratsa turken shanu, ya zaga maƙabarta, ya fita har bakin titin Sandamu, ya hango 'yan acaɓa sun taso, ya sake dawowa cikin gari ta ƙofar yamma. Babu lungun da bai shiga ba, har waɗanda tun yana yaro rabonsa da su. Daga ƙarshe kiran salla ne ya cece shi, aka zaro shi daga bayan rumbun Gwaggo Kulu, takalmi ƙafa ɗaya, aka ce a je a yi Juma'a tukuna.

Bayan an sauko aka zauna a ƙofar Mai Gari. Ya fito da rawani, a ƙarƙashinsa hula, ba ya haɗa ido da kowa. Sai ga motar haya ta sauke Malama Haulatu, tare da Hafizu, wanda ya dawo daga Mashi ya tarar da jaka babu.

Kabo ya yi ƙarfin hali. "Ranka ya daɗe, kuskure an yi. Amma hoto ya samu. Wannan karon nawa ne, ni na ɗauka."

Hafizu ya ɗaga jirginsa yana ɗigar ruwan daddawa. "Yaya Kabo, da jirgin wa? Da izinin wa?" Ya zaro ɗan katin da hotunan ke ciki, ya durƙusa ya miƙa wa Mai Gari. "Ranka ya daɗe, in dai ni ne mai shi, ban yarda ko mutum ɗaya ya sake gani ba."

Mai Gari ya sa katin a bakin dutse, ya murƙushe shi da gindin sanda, ya daɗa murƙushewa. Sannan ya ce, "Gobe mota za ta fito, babu mu a taswira. Kabo, kai ka yanke wa kanka hukunci. Daga yanzu bakinka ya rufu."

Kabo ya buɗe baki, ya tuna, ya rufe. Maliki ya sanar da shayin sadaka ga duk wanda ya zo.

Malama Haulatu ta karɓi wayar Kabo don ta cire manhajar jirgi. Sai ta tsaya tana kallo.

"Ranka ya daɗe, a ɗan dakata. Wa ya danna koren maɓallin nan?"

Ta juya wayar. Ga wani zare ja ya kewaye gari, ya shiga nan ya fita can. Mutane suka matso.

"Kai, lungun mahauta ne wannan!"

"Ga inda ya juyo da ya ga ladan!"

Malama ta ce, "Har lungunan da ba sa ɓullewa sun fito, ga shiga ga dawowa. Ga hanyar da ta haɗa ku da titin Sandamu. Wallahi ban taɓa samun aiki cikakke haka ba. Kuma wannan ba na kamfani ba ne, ba na Hafizu ba ne. Ƙafarsa ce ta zana, nasa ne. In ya ba da izini, yau zan ɗora, gobe direba ya gani. In bai bayar ba, ba zan taɓa ba."

Duk aka juya ga Kabo. Kabo ya nuna bakinsa, ya nuna Mai Gari, ya harɗe hannuwa.

Maliki ya zabura. "Ranka ya daɗe, kada ka biye masa! Ya gyaɗa kai kawai, ai ya isa!"

Kabo ya sandare wuya kamar an dasa shi. Aka roƙe shi ya gyaɗa, ya dubi sama. Gwaggo Kulu ta ɗaga taɓarya, Malama ta ce izinin dole ba izini ba ne. Mai Gari ya dubi matan da ke leƙe ta zaure da goyo a baya, ya dubi Kabo, ya yi dogon numfashi.

"Buɗe."

Kabo ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya yi gyaran murya. "Jama'a, dama shirina ke nan tun farko. Kun zaci gudu nake yi? Awo nake yi! Na san in ba a bi ni ba ba zan gama kafin salla ba, shi ya sa na..."

Malama ta katse shi. "Malam Kabo, ka yarda ko ba ka yarda ba?"

"Ina zuwa wajen, Malama, bari in fara daga aji uku."

Sai da aka kira la'asar ya ce ya yarda. Maliki ya janye sadakar shayi.

Ranar Asabar mota ta shigo Kukar Shatu ta ƙofar yamma, ta tsaya a gindin kuka. Kabo ne ya tare ta, yana gaya wa direba yadda ya sha fama da tauraron ɗan'adam.

Har Allah ya karɓi abinsa bai taɓa yarda cewa gudu ya yi ba. Zanen na nan a taswira, mota na bin sa har yau, majalisa kuwa ta yi shirun da ta daɗe tana roƙo, kuma babu wanda ya ji daɗinsa, balle Maliki. Shi kuwa Mai Gari, a makon nan ya sa aka yi wa makewayinsa rufin kwano, na farko a garin. Duk da haka mutanen gidansa sun ce da hula yake wanka.